Gayyar Datti Mai Fenti

Datti mai fenti yana cikin mutanen farko da suka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa. Ya tarar da ɗakinsa ba kwano, rumfarsa kuwa an yi girki da ita tuntuni. Bai tsaya jimami ba. Ya sayi fenti da buroshi, ya kafa sabuwar rumfa a inda tsohuwar take, a ƙarshen unguwar Hausawa, ya koma sana'arsa ta zanen bayan motoci. In ka ga motar katako a hanyar Anacha ko Inugu da zaki ya danne maciji a bayanta, to hannunsa ne.

Bayan rumfar akwai ruwa. Ba kogi ba ne, ba kuma tafki irin na gida ba. Wani ruwa ne mai gishiri da teku ke turowa cikin gari, ya kawo ya janye, ya sake kawowa, kamar mai numfashi. Gefensa duk wani itace ne da mutanen wurin ke kira angala, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, a cikin baƙar laka mai wari. Mutanen unguwa ba sa ƙaunar wurin. Shara suke kai masa, sai kuma mai uzurin da ya matsu.

Mutum biyu ne kawai suka san darajarsa. Ɗaya Mama Irene ce, wata dattijuwa 'yar ƙabilun bakin ruwa, wadda abincinta kaf yana cikin lakar nan. In ruwa ya janye sai ta ɗaure kwalekwalenta, ta shiga tsakanin saiwoyi tana tsintar ƙaguwa da isam, wasu ƙananan dodon-koɗi da mutanen Fatakwal ba sa miya sai da su. Na biyun Datti ne. A shekarar gudu, ranar da aka bi 'yan Arewa gida-gida, cikin angalar nan ya faɗa, laka har ƙirji. Mama Irene ce ta tsince shi kamar yadda take tsintar ƙaguwa, ta kwantar da shi a kwalekwale, ta lulluɓe shi da taru da kwanduna, ta tuƙa shi zuwa inda ya sami hanyar gida. Tun daga nan Mama yake ce mata, ita kuwa ta ce masa ɗana, da 'yar Hausarta ta kasuwa.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Garin ya kumbura kamar cikin da ya sha gari da ruwa. Wanda jiya yake tafiya a ƙasa yau ga shi a babur, na babur ya hau mota, kowa kuma fili yake nema. A irin wannan lokaci duk abin da ba ya magana sai a ce ba shi da mai shi.

Dogara ne ya kawo labarin. Mutumin kudancin Zariya ne, masinja a ofishin da ke rabon filaye, kuma kullum a wurin Tabawa mai tuwo yake cin abincin rana, daura da rumfar Datti.

"Malam Datti, ruwanka ya kusa zama bene," in ji shi, yana suɗe hannu. "Za a cike shi da yashi a gina wa ma'aikatan kamfani gidaje."

"Wane laifi ya yi?"

"An ce matattarar sauro ce, kuma maɓoyar ɓarayi."

Tabawa ta ce, "To ai ba su yi ƙarya ba. Ga ɗaya nan da ya taɓa ɓuya a ciki."

Aka yi dariya, ban da Datti. Da la'asar ya sami Mama Irene tana wanke kwandunanta, ya gaya mata. Ta dubi ruwan.

"In sun cike, ni ina zan ci?" ta ce. "Ɗana ɗaya yaƙi ya cinye. Wannan ne gonata."

"Mama, in dai ina numfashi ba mai zuba ko cokali ɗaya na yashi a nan. Na yi miki alkawari."

Datti ba ɗan boko ba ne, bai iya rubuta ƙorafi ba. Abin da ya iya shi ya yi. Ya haɗa faffaɗan katako, ya ture aikin direbobi gefe, ya zauna ya zana ruwan. Kuma wallahi ya zuba hannu. Ruwa shuɗi fes, ga balbelu, ga kifi na tsalle, ga wata mace a kwalekwale da ɗankwali ja, kowa ya gani ya san ko wace ce. Bakin ruwan kuwa ya yi shi fari tas, shararre, da 'yan bishiyoyi jere masu inuwa, irin bakin tafkin da ya sani yana yaro.

Mama Irene ta zo ta tsaya gaban zanen, hannu a ƙugu.

"Ya yi kyau. To ina angala ɗina?"

"Haba Mama, wa yake zana ƙazanta? Manya za a kai wa. In suka ga waɗannan ƙafafun gizo-gizon ai mun kashe kanmu."

Ta taɓe baki. "Na you sabi," ta ce, wato kai ka jiyo, ta ɗauki kwandonta.

Zanen ya yi aikin da baki bai yi ba. Mutanen da ke zubar da shara a wurin suka riƙa tsayawa suna cewa ashe haka ruwanmu yake. Ranar Litinin aka ɗauki katakon a ka, mahauta da 'yan goro da masu wankin hula suna biye, har ƙofar ofis. Babban jami'in ya fito, ya gyara tabarau, ya yaba. Sannan ya ce a gaya musu hoto daban, wuri daban. Shi abin da aka shaida masa kurmi ne da laka. Amma zai zo da kansa ya gani, in ya tarar da wurin kamar yadda yake a katako, to za a sake shawara.

A ƙofar masallaci aka yi taron. Ba a daɗe ana magana ba, domin Bahaushe in aka ce baƙo mai daraja zai zo duba wuri, abu ɗaya ya sani: a share. In kuma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a kira gayya, kamar yadda ake yi wa gona.

"A sare kurmin nan duka," in ji Datti. "Ya zo ya ga ruwa fili, kamar a zane."

Alhaji Indabawa, mai motocin da Datti ya fi yi wa fenti, shi ya fara cewa madalla. Mutum ne mai taushin murya, ba ya ɗaga ido in yana magana.

"Aikin alheri ne, Malam Datti. Ni na ɗauki bijimin da za a yanka, da shinkafa. Adduna da gatura ma a zo a karɓa a wurina."

Aka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya tambayi tun yaushe Alhaji ya fara son ruwan gishiri. Mama Irene kuwa ba ta nan. An yi mata rasuwa a ƙauyensu can cikin ruwa, kuma jana'izar mutanen nan ba irin tamu ba ce ta yini ɗaya.

Ranar gayya unguwa ta fito kwanta da kwarkwata. Aka samo makaɗi da gangar noma, yana kiran sunan mutum da na ubansa, mutum ya yi kururuwa ya faɗa laka da adda. Mahauta suka ce su ne gaba, 'yan goro suka ce ƙarya ne, aka shiga gasa.

"Kai na Gwandu, sara kake ko susa?"

"Bar ni da shi! Itacen da ya tsaya da ƙafa goma, yau zai kwanta da ɗaya!"

Tabawa na gefe da manyan tukwane, tana cewa duk wanda ya fito da farar riga ba shi da nama. Ƙaguwa suna ta gudu, ana bin su da dariya. Datti ne a gaba, da gatari, har ya kai daidai inda ya taɓa nutsewa ya ɓuya. Ya ɗan tsaya, sannan ya sara. A ransa Mama yake yi wa aiki. Kafin rana ta yi sanyi an kwantar da kurmin, mata sun kwashe itacen girki, an ƙone sauran. Daga rumfar Datti kana hango ruwa har can ƙarshensa. Mutane suka tsaya suna duban katako suna duban wuri, suna cewa sak.

Jami'in ya cika alkawari, ya zo. Tare da shi akwai wasu masu awo da sanduna. Ya taka har bakin ruwa takalminsa bai ɓaci ba, ya jinjina kai, ya yi wa jama'a godiya, ya ce lallai mutanen Arewa akwai haɗin kai. Aka tafa masa.

Bayan kwana kaɗan Dogara ya zo cin tuwo, ya zauna bai ce a zuba ba.

"Malam Datti, wa ya ba ku wannan shawara?"

"Wace?"

"Ka san abin da ya tsayar da aikin nan tun bara? Kurmin. Duk ɗan kwangilar da ya zo ya ga angala sai ya ce mota ba ta shiga, sai an kawo injin sara daga waje, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan wahala. Har an fara maganar a nemi wani wuri. Yanzu kun share musu, kyauta, har da kiɗa."

Datti ya ajiye buroshi. "Wa aka ba kwangilar yashin?"

Dogara ya dubi Tabawa, Tabawa ta dubi tukunya.

"Wanda ya ba ku bijimi," in ji Dogara.

Datti ya je gidan Alhaji Indabawa ko hula bai saka ba. Ya tarar da sababbin tifofi jere a ƙofar gida, ko lamba ba a sa musu ba. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo lemo.

"Alhaji, ka san abin da kake yi ka bar mu muka yi?"

"Subhanallahi. Ni na ce a sare? Kai ka faɗa a gaban liman, ni taimako na yi. In ban karɓi aikin ba wani zai karɓa, gara ɗan'uwanka Musulmi." Ya nuna motocin da haɓa. "Ga su nan ba ko ɗigon fenti. Wannan hoton ruwan nake so a bayan kowace, da matar nan mai jan ɗankwali. Ya burge ni ƙwarai."

Datti ya tashi bai taɓa lemon ba. Ya bi waɗanda suka yi gayya ɗaya-ɗaya, a sake ɗaukar katako a koma ofis. Mahauta suka ce kasuwa, 'yan goro suka ce kaya na hanya. Wasu ma har sun sami aikin lodin yashi. Naman bijimin kuma an riga an ci, baki ya yi nauyi.

Ranar da Mama Irene ta dawo, tifofi sun fara aiki. Ruwa ya riga ya cinye bakin gaɓa inda ba saiwar da za ta riƙe shi, lakar ta bushe ta tsattsage, ƙwanson isam zube fari kamar an watsar da tsakuwa. Ta tsayar da kwalekwale, ta dubi kututturan. Ta ga ba aikin inji ba ne, saran adda ne.

"Su wa?" ta ce.

Datti yana tsaye a gaɓa. Ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa, amma abin da ya fito shi ne, "Gyarawa muka yi, Mama."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Da na bar ka a ciki, da kurmin yana nan."

Ta shiga haɗa 'yan komatsanta daga bukkar da take ajiya. Za ta koma ƙauye wurin dangin mijinta, waɗanda ba su neme ta ba tun rasuwarsa. Datti ya ruga rumfa ya ɗauko wani ƙaramin katako. Tun ranar da ya baro gidan Alhaji yake aikinsa: angala ce, saiwa-saiwa, da baƙar laka da ƙaguwa da komai, bai rage ko ɗaya ba. Bai taɓa yin zanen da ya kai shi kyau ba. Ya shiga ruwa har gwiwa ya miƙa mata.

Ta karɓa, ta duba, ta kankare fentin da farce.

"Isam nawa zan tsinta a nan?"

Ta ƙwanƙwasa katakon, ta ji mai ƙwari ne. Sai ta kifa shi a kan bakin kwalekwalen, zanen yana kallon ƙasa, ta zauna a kai, ta sa filafili a ruwa. A bayan Datti wata tifa ta ja da baya tana ƙara, yaron motar yana daka masa tsawa, Malam a ba mu hanya.