Koriyar Hula da Jar Hula

Ni na ba shi shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba.

Dontrell ɗan yayata Odessa ne. Tun yana aji biyu na sakandare duk jihar Louisiana ta san shi, don in ya rungumi ƙwallo ya zuba da gudu sai ƙarti uku sun taru kafin su kai shi ƙasa. Abu ɗaya muke jira, jami'ar da za ta ɗauke shi ya buga mata, ita kuma ta ba shi karatu kyauta. In ba ta wannan hanya ba, babu mai iya kai shi jami'a a gidanmu.

Tun watan Yuni ya yi wa Koci Guidry alkawarin zai buga masa. Jami'arsu ƙarama ce, masu koriyar hula, tafiyar awa biyu daga garinmu. Alkawarin baki ne, sai ranar sa hannu a Fabrairu ake ɗaure shi da takarda. Ana nan sai ga babbar jami'a, masu jar hula, waɗanda ake nunawa a talabijin duk Asabar. Wani mataimakin kocinsu, Whitlock, ya dinga kira kullum da daɗin bakinsa.

Odessa ta ce, "Yaro ya riga ya yi magana. Ku ƙyale shi."

Na ce, "Haba Yaya, wa zai ɓoye yaron nan a lungu? Su ke buƙatarsa, ba shi ke buƙatarsu ba."

Ranar sa hannu yaro kan jera hulunan jami'o'in da ke nemansa a kan tebur, wadda ya ɗauka ya sa ita ya zaɓa. Ni da iyayina na ce ya fara sa koriyar, in an soma tafi ya cire ya yar, ya sa jar. Garin nan zai shekara yana zancen.

"Kawu, ba sai na fara kiran Koci Guidry ba?"

"Ka kira shi ya kalallame ka? Bar shi ya gani tare da kowa."

Ƙarfe goma na safe zauren wasannin makarantarsu ya cika, ga 'yan badujala, ga masu kyamara. Dontrell ya yi yadda na koya masa. Koriyar hula ta faɗi ƙasa, zaure ya kaure da ihu. Odessa ba ta tafa ba. Ni kuwa har da tsalle, tsohon banza.

Saura takarda, wadda masu jar hula za su turo ya sa hannu. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, Whitlock bai ɗaga waya ba. Wajen ƙarfe ɗaya wata mata ta kira daga ofishinsu. Whitlock ya bar aiki da safen nan, ya samu wani wuri. Gurabensu kuma sun cika.

"Tayin nasa ne shi kaɗai," in ji ta. "Sunan Dontrell ba ya cikin jerinmu. Ku yi haƙuri."

Muna tsaye wajen ajiye motoci, mutane na ta wucewa suna yi mana barka.

Odessa ta ce, "Dontrell, kira Koci Guidry. Kai kuma Clovis, ka rufe mana baki."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar duk muna ji. Da mutumin nan ya yi zagi da na ji sanyi, amma a hankali ya yi magana.

"Na gani, ɗana. Duk mun taru a ofis muna kallo."

"Koci, kuskure na yi. Don Allah."

"Na sani. Amma gurbinka na ba wani yaro tun sha ɗaya da rabi. Shekara guda yana jira, uwarsa har kuka ta yi. Ba zan karɓe ba. Ka gaida mahaifiyarka."

Odessa ta shige mota ta rufe ƙofa. Na so yaron nan ya zage ni, ko ya kai mini naushi, wallahi da na tsaya. Bai yi ba. Ya juyo ya dube ni yadda ya saba, har yanzu yana ganin na san abin da nake yi.

"Kawu, to wa za mu kira yanzu?"

Na zaro wayata ina ta latsawa. Ni bakanike ne. Lambobin masu sayar da taya ne a ciki, da na mai jan mota.