Hannun Hagun Lucius Pettway

"Ba zai shiga ba, Lucius," na ce. Ina durƙushe a gabansa da takalmi a hannu, ƙafar kuwa ta kumbura suntum.

"To miƙo silifa. Faifai ba ya nuna ƙafa."

Shekara goma sha tara yana saman bene ina ƙasa, a layinmu na Detroit. Tun rasuwar matarsa, ta rufin ɗakina nake sanin lafiyarsa: in kiɗan fiyanonsa ya tashi da hantsi, to yana nan ƙalau. Kwana huɗu ke nan ban ji ko ƙis ba. Ga shi a Lahadin nan za a naɗi kiɗansu na jaz a gaban jama'a, su uku, abin da ya shekara ashirin yana jira.

"Likita fa cewa ya yi ka kwanta."

"Likitan da agogona ya girme shi? Ɓalla mini maɓallin nan, Vernelle, yatsun sun yi yaji."

Da na taɓa hannunsa na hagu, sai na ji shi sanyi ƙarara.

Odell, mai gangarsu, ya zo ɗaukarmu a mota. Ya dubi silifar. "Tsoho, daga kan gado za ka yi mana kiɗan?"

"Kai da takalminka ma kullum sai ka riga mu kaiwa ƙarshe."

Odell ya yi dariya, amma har muka isa idonsa na kan madubi, yana leƙen kujerar baya.

A ɗakin taro na ƙarƙashin cocinmu aka yi, ƙarfe uku na rana, ƙamshin soyayyen kifin da mata suka tanada ya cika wurin. Renita, ta ukunsu, ta rungumi ƙaton gogen nan da ya fi ta tsawo. Mai ɗaukar sauti ya roƙe mu kada a yi tari. Babu takarda a gaban kowa. Lucius ne ke jefa zance da yatsu, su kuma su amsa, babu wanda ya san inda za a ɓulla.

Kiɗa na farko da na biyu sun tafi daidai, sai dai gumi ya jiƙe masa wuyan riga. A tsakiyar na uku hannun hagun ya zame daga kan fiyanon, ya faɗa cinyarsa, bai sake tashi ba.

Renita ta gani. Ta sunkuya ta ɗauki ɓangaren da hannun ya bari, da kauri, a hankali. Odell ya sassauta har gangar ta koma kamar numfashi.

"Baba, mu tsaya," in ji Renita, ƙasa-ƙasa.

"Bi ni, yarinya."

Na miƙe tsaye. Matar da ke bayana ta ja rigata. "Zauna mana, 'yar'uwa, salo ne!"

Na zauna. Har yau ban san dalili ba.

Da hannu ɗaya ya ja su kusan minti shida. Sautin na ta sirancewa, yana hawa sama, tsakanin bugu da bugu na ƙara nisa, har ya danna na ƙarshe ya bar yatsan a kai. Ɗakin ya ɓarke da tafi, wasu na ihun a ƙara. Odell kaɗai ya yar da sandunansa ya tsallake ganguna.

Lucius ya jingina da ƙirjin Odell, leɓɓansa sun yi fari. "An ɗauka?"

"An ɗauka, tsoho. Duka."

Motar asibiti ba ta daɗe ba, amma kafin su kai titi na biyu ya cika. A bakin ƙofar coci aka faɗa mana.

Na koma ƙasa ɗauko jakata. Babu kowa, kujeru a warwatse, kifi ya huce a faranti. Gogen Renita na kwance a gefe guda, 'yar jar fitilar na'urar ɗaukar sauti kuwa tana nan a kunne, ba wanda ya tuna ya kashe.