Suwaitar Nasiha a Kan Dutsen Shere

Ni dai bakina ne ya ja min, ba kowa ba. Shekara huɗu ina cika mutanen Birnin Kudu da labarin Jos, alhali duk zamana a garin bai wuce rabin awa ba. Motarmu ta zuwa garin Lafiya ce ta tsaya a tasha da tsakar rana, na sauka na ci masa, na koma na ɗora gyangyaɗi daga inda na tsaya. Amma ko lokacin da nake neman auren Nasiha sai da na gaya wa mahaifinta, Malam Isma'ila na Basirka, cewa Jos kamar tafin hannuna take.

Rannan a tsakiyar damina ya aiko. An gayyace shi ɗaurin aure a Jos, kuma yana son ganin duwatsun nan da nake ba da labari. Wa zai raka shi in ba ni ba? Ga shi kuwa duk duniya babu wanda nake tsoron ya kama ni da ƙarya kamar surukina.

Nasiha tana haɗa min kaya ta ce, "Malam, in sa maka rigar sanyi?"

"Haba! Sanyin Jos ai na baƙi ne."

Ta ce, "To." Na zura farin boyel ɗina shara-shara, muka kama hanya.

Washegari aka ɗaura aure da hantsi, ana yayyafi. Wayyo Allah! Ruwan alwala kansa kamar daga firji aka ɗebo. Masu gida suka kawo mana shayi yana tururi, har da burodi. To amma a wurinmu ina aka taɓa ganin mutum ya buɗe baki yana ci a gaban surukinsa? Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake." Baba ya shanye nasa, ya jawo nawa ya shanye, ina kallo kamar in yi kuka.

Daga nan muka tari mai adaidaita zuwa Dutsen Shere. A wata mararraba na nuna dama da ƙarfin hali na ce, "Nan za ka bi."

Yaron ya ce, "Malam, nan ai hanyar kasuwa ce."

"Da can ta nan ake bi," in ji ni.

Muka sauka muka hau da ƙafa. Gaskiya wurin ya haɗu. Duwatsu ne wani kan wani kamar an jera buhunan gero, ciyawa kore shar, ga gonakin dankalin turawa can ƙasa, gajimare kuma yana wucewa ta gabanmu. Sai dai ni ba ta kallo nake ba. Iska tana ratsa boyel ɗin nan tana fita ta baya, haƙorana suna kaf-kaf-kaf, hancina yana yoyo. Dattijo kuwa, ɗan shekara saba'in, yana cikin jibgegiyar rigar sanyi da rawani, sai tasbihi yake yana yaba ikon Allah.

Ya juyo ya dube ni. "Malam Zulkifli, zikiri kake yi ne?"

"E, Ba-ba-baba."

Ya zauna kan dutse, ya buɗe jakarsa, ya zaro wata suwaita ruwan hoda mai furanni a ƙirji. Na gane ta sarai, ni na saya wa Nasiha.

"Matarka ta ce kar in ba ka sai ka roƙa da bakinka. Na ga kai ka gwammace ka mutu, ni kuwa ban shirya karɓar bazawara ba. Ungo."

Na sa. Hannun bai ma kai min wuyan hannu ba, amma wallahi ban taɓa jin daɗin tufa irin wannan ba. Da ɗumi ya fara shiga jikina, sai kunya ta biyo baya. Na ce, "Baba, akwai maganar da nake son..."

"Ta masar tasha? Direban da ya kai ku Lafiya ɗan ƙanena ne. Tun kafin in ba ka aure na sani."

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce, "To Baba, me ya sa ka ce in raka ka?"

Ya gyara rawaninsa. "Shekara huɗu kana ba da labarin gari, ɗana. Na ce gara in kawo ka ka gan shi."