Katakan Abdulmumini

Ana tsakiyar zaman makoki Isufu ya sa aka kawo amalanke ƙofar ɗakin mamacin, aka shiga lodin katakai. Lami maƙwabciya ta leƙo ta kan katangarta ta taɓe baki. Ko ƙasar kabarin ƙanen nasa ba ta bushe ba.

Ba wai ta taɓa ɗaukar Abdulmumini a bakin komai ba. Mutum ya je har Yamai ya yi karatu, ya dawo Dakoro ba aiki ba mata, sai bin shantiye, duk inda ake gini, yana zana leburori suna kwaɓa siminti. Maza na ta da bene, shi yana ta da hoton bene. A kan me kuma? A kan tsofaffin katakan tare kankare da yake kwasowa wurin aikin wansa Isufu, magini. Da tari ya kwantar da shi, ita ke kai masa kunu, tana kaiwa tana mita. Ran da ya cika, ƙwaryar na nan bakin ƙofa bai taɓa ba.

Sai dai cikin katakan akwai guda. Yazidu ne a jiki, ɗanta na fari, da buhun siminti a ka, yana dariyar nan tasa ta gefen baki. Shekarar da aka zana shi ya tafi haƙar zinariya Jado, rami ya rufta da shi, da wayarsa, da duk hotunan da ke ciki. Abdulmumini ya sha ce mata ta ɗauka. Ita da ko sunan ɗan fari ba ta faɗa don kunya, ta rataye hotonsa duniya ta gani? Takan ce ya rabu da ita da shirmensa. Kunun dai take kaiwa, ta saci kallo ta fita.

Ta ja mayafi ta fito. Maza cike da tabarmi.

"Malam Isuhu, a ba ni katako guda."

"Wanne, Inna Lami?"

Idanu suka juyo kanta. Sunan ya zo mata har maƙogwaro.

"Kowanne. Akurkin kaji za ni ruhewa."

Ya zaro na sama ya miƙa mata, hoton tulin yashi da shebur. Sauran, in ji shi, nasa ne tun asali, gobe ake zuba ginshiƙan sabon benen bakin tasha, ga shi hoton mutum na hana mala'iku shiga gida. Isufun da sai Juma'a yake tuna hanyar masallaci, yau shi ne mai kishin mala'iku.

Da safe ta je ta tarar an riga an kafe katakan da ƙusa, zanen yana ciki, an zuba kankare. Ta koma gida tana jin haushin Isufu, da na mamacin da ya ƙi matsa mata, da na kanta da ya fi duka.

Da aka ɓamɓare katakan, siminti ya cinye zanen. Amma a ginshiƙin ƙurya fenti ya kama: bakin buhu, rabin fuska, da gefen bakin nan. Lami ta dawo da tukunyar kununta na sayarwa wurin, wai leburori sun fi ciniki.

Masu shafe sun fara daga ginshiƙin bakin titi. Tana zuba kunu tana jin ƙarar cokalinsu yana matsowa.