Tambayar da Malam Lurwanu Bai Haɗa da Kansa Ba

"Ustaz, bar kallon fuskata, duba takardar," in ji Malam Lurwanu.

Yana kwance a ɗakinsa a unguwar Ƙurban, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Chadi ne. Yaƙi ya raba shi da jami'a yana shekara ta biyu a fannin lissafi, ya zo Madina ya shekara talatin yana ɗora jakunkunan alhazai a filin jirgi. Ba shahadar kammala karatu, ba ɗa a raye, sai jikarsa Wafa mai shekara goma sha uku da littattafan rubutu goma sha ɗaya. Ciwon hanta ne, likita ya ce a mayar da shi gida.

Ni malamin lissafi ne. Ina koyar da ƙa'idar da ke warware kowace mu'adala, wato tambayar nemo x, mai daraja biyu. Akwai irinta ga daraja uku da huɗu. Ta biyar Malam Lurwanu yake nema, ya ce ya samu. An daɗe da tabbatar da cewa babu ita: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da cire tushe ba sa isa. Na taɓa faɗa masa, ya ce, "Su ma mutane ne."

Kwana biyu ina karantawa. Kowane misali ya fita daidai.

"Malam, ina kake samo tambayoyin?"

"Ni nake haɗa su. In zaɓi amsoshi biyar, in ninka, tambaya ta fito. In ba haka ba, ta yaya zan san na dace?"

Shekara talatin bai gwada ko ɗaya da ba daga amsarsa ta fito ba.

"Wafa za ta ci gaba, ta kai aikin jami'a da sunanmu. Ko, ya binti?"

"Aiwa, jaddi," ta amsa wa kakanta da Larabci daga bakin ƙofa.

Ya juyo gare ni. "Ba ni taka tambayar, Ustaz. Kar ka ji tausayina."

Na dubi yarinyar, na rubuta: x⁵ − x − 1 = 0.

Kwana uku yana fama, filo a bayansa, alƙalami na zamewa daga hannunsa. Rana ta huɗu bayan azahar ya aika a kira ni.

"Tana da amsa kuwa?"

"Tana da ita, tsakanin ɗaya da biyu. Amma da waɗannan kayan aikin ba mai fitar da ita."

Ya daɗe yana kallon fanka. "Da ka bari na tafi tukuna." Can ya girgiza kai. "A'a. Gara yarinyar ta sani. Halas, shi ke nan."

Ran Alhamis ya rasu. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a.

Da na dawo, Wafa na zaune a kan matakala, littafin ƙarshe a cinyarta.

"'Yata, in yi miki bayani?"

"Na gane, Ustaz," ta ce. "Amsar tana nan. Hanyar kaka ce ba ta zuwa wurin."