Lita Arba'in a Tankin Kyaftin

Injin jirgin Kyaftin ya mutu a tsakiyar kogi ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe, minti goma sha biyu bayan barinsa gaɓa. Masu ɗebo yashi ne suka jawo shi da igiya. Babu wanda ya ji rauni. Mutum uku ne a ciki: Kyaftin, da ƙaninsa bakanike, da babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya, wadda ta shigo a matsayin alƙali.

Shekara talatin da ɗaya Kyaftin ya yi yana tsallakar da mutane da kayansu. Wata tara da suka wuce aka yi masa aiki a ƙugu. Aka ja jirgin kan tudu, aka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a bayan gida, aka lulluɓe da tamfol. A tankinsa akwai fetur lita arba'in, domin Kyaftin bai taɓa ajiye jirgi da rabin tanki ba.

Da ya warke ya ajiye sandar dogarawa, 'ya'yansa suka ce a sayar da jirgin, ya huta. Ya ce hutu na kabari ne. Bayan mako biyu ana ja-in-ja aka tsaya a kan sharaɗi ɗaya: idan jirgin ya je tsallake ya dawo da ƙafarsa, Baba ya koma aiki. Idan jawo shi aka yi, a sayar.

Ranar Lahadi bakanike ya zo duba injin. Ya buɗe murfin tanki, ya shinshina, ya ja da baya.

"Yaya, wannan ai fenti ne."

"Hancinka ne ya tsufa."

"A zuƙe shi duka a wanke tankin. Fetur ɗin da ya yi wata tara babu maganin adana shi ya tara ruwa, ya yi danƙo."

"Tun kana rarrafe nake zuba mai a inji," in ji Kyaftin. "Ka taɓa ganin na zubar da ko cokali ɗaya?"

Matarsa tana shanya a gefe. Ba ta juyo ba ta ce, "Wannan kam gaskiya ne. Akwai batir ɗin rediyo a ƙarƙashin gadonsa da ya girmi autarmu."

Kyaftin ya zura tiyo a tankin, ya zuƙo cikin kwalba, ya ɗaga ta a rana. Man ya yi launin ruwan shayi, amma garau yake.

"Ina ruwan?"

"Daga sama ka ɗebo, Yaya. Ruwa a ƙasa yake kwanciya."

"To ya yi ta kwanciya. Wa ya tashe shi?"

Duk da haka ya sassauto. Ya sayo sabon fetur lita biyar ya tuttula a kai, ya ce sabon zai tuna wa tsohon aikinsa. Sannan aka tsoma ƙafar injin a durom ɗin ruwa aka ja igiya. A ja na huɗu ya tashi. Minti goma yana ruri a bayan gida, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kyaftin ya dubi ƙaninsa, ya gyara hularsa.

Abin da babu wanda ya lura da shi, har bakaniken, shi ne tayoyin baya sun fi na gaba tudu. Jirgin ya duƙa gaba, ruwan da ke cikin tankin ya gangara can, nesa da bututun da ke kai mai ga inji. Ranar Talata, da Kyaftin ya ƙara wuta, goshin jirgin ya ɗaga, ruwan ya dawo baya. Injin ya yi tari sau uku ya yi shiru.

Kyaftin ya ja igiya sau bakwai. A na takwas 'yarsa ta riƙe masa hannu.

"Baba, ɗinkin ƙugunka."

"Fulogi ne. Ƙanina, duba fulogi."

Bakanike ya cire filta ya juye ta a tafin hannunsa. Ruwa ne, da ɗan tsatsa.

"Ga shi, Yaya. An tashe shi."

Da masu yashi suka matso, babbansu ya ɗaga murya ya ce, "Kyaftin, barka da dawowa! Nawa ne kuɗin mota?" Kyaftin ya karɓi igiyar ya ɗaure da kansa, ya ce ɗaurin da suka yi niyyar yi ba zai riƙe akuya ba.

Da yamma aka zuƙe tankin daga ƙasa. Bakanike ya cika kwalba ya ajiye a kan benci. Kafin a gama shan ruwa ta rabu biyu, ruwa kaurin yatsa uku a ƙasa. An cika jarka biyu, za a kai wurin da ake karɓar lalataccen mai. An wanke tanki da kafireta, an sa sabuwar filta. Ranar Laraba injin ya tashi a ja ɗaya.

Kyaftin ya ce sharaɗin a kan jirgi aka yi shi, kuma jirgi lafiyarsa lau, mai ne ya faɗi jarrabawa. 'Yarsa ta ce ba man ne ya ƙi jin maganar bakanike ba. Bakanike ya ce shi ma'aikaci ne, ba ya shiga shari'ar uba da 'ya. Matar ta ce a tambayi masu yashi, su suka ga komai.

Wani mai kiwon kifi da ke son sayen jirgin ya ce zai zo ganinsa ranar Asabar. Kyaftin ya nemi a sake gwaji ranar Juma'a. Zuwa yammacin Alhamis 'yarsa ba ta ba da amsa ba, kuma makullin injin yana cikin jakarta.