Dogo Mai Gadin Rami

Aikin da aka ɗauki Dogo shi ne ya tsare rami. Wani faffaɗan kwari ne da aka haƙa a ƙarshen sababbin gidaje, faɗinsa ya kai filin ƙwallon yara, kuma babu komai a cikinsa. Aikin ma kenan, ya tabbata babu komai ɗin.

Asalin maganar, Mai Gini ne ya jera gidajensa a kan tudu, sama kwano ƙasa siminti, ko ɗigon ruwa ba shi da wurin shiga. Ofishin tsara gari suka ce ba mai tarewa sai an yi wa ruwan sama masauki, inda zai taru ƙasa ta shanye shi a hankali, maimakon ya gangara ɗakunan mutanen unguwar ƙasa. Aka haƙa ramin. Ruwan farko ya zo ya zauna a ciki kamar baƙon da ya ji daɗin gida, har kwaɗi suka kafa gari. Da ya ƙafe, injiniyar ofishin ta zo. Mai Lema ake ce mata, don ko a inuwa da lemarta take yawo. Ta caka tsinin lemar a gindin ramin, ta ji kamar faranti. Ta ce motocin yashi sun danne ƙasar, sai an farfasa ta, kuma a daina zuba shara. Mai Gini ya zaɓi rabin maganar da ba ya buƙatar dawo da katafila, ya ɗauki mai gadi.

Ya yi wa Dogo alkawari: ranar da Mai Lema ta sa hannu, ɗakin bakin get ya zama nasa, mai taga biyu da famfo a ƙofa. Dogo kuwa da matarsa a garejin ƙaninta Bakanike suke kwana, katifa tsakanin tsofaffin tayoyi, ko wace riga suka ɗauko warin baƙin mai take yi. Don haka ya riƙe aikin da hannu bibbiyu, daga safe har faɗuwar rana. Ya kori awaki, ya kori yara, ya kori Tela da ya zo auna wurin kafa rumfa. Ran da kaza ta yi ƙwai a ciki, ya daɗe tsaye yana tunanin ko wannan ma shara ne, sannan ya sa a aljihu.

Kullum ya dawo, Bakanike na kwance ƙarƙashin mota zai leƙo da kai.

"Mijin Yaya, yau ma ba a sace ramin ba?"

Wannan tsokanar ce ta ishi matar Dogo. Rannan a gidan kitso mata suka tsare ta, wai me mijinta yake gadi ne, tunda ba a gadin wofi. Kunya ta kama ta. Ta dubi ƙofa, ta rage murya, ta ce an hana shi faɗa. Iyakar abin da ta ce kenan.

Kafin mako ya zagayo, wasu sun ce tulun zinare ne, wasu sun ce ƙarfe ne da ya faɗo daga sama, Tela kuma ya ce tun ranar da aka kore shi ya gane.

Wata safiya Dogo ya tarar da ƙananan ramuka a cikin raminsa. An dai ce kada a saka komai, ba a yi maganar cirewa ba, amma Mai Gini ba mutumin da za a yi wa irin wannan bayanin ba ne. Ya ɗauko shebur zai cike, sai ya ga ƙasar ma babu, masu haƙan sun kwashe ta a buhu sun tafi tankaɗewa a gida. Dole ya riƙa ɗebo ragowar yashi da tsakuwa na magina yana cusawa, yana shafe sama da tafin ƙafa.

Ya bi unguwa yana rantsuwa cewa babu komai. Tela ya ce mutum ba ya irin wannan rantsuwar a kan babu. Dogo ya samo kwali ya rubuta BABU KOMAI A NAN, ya kafa a tsakiya. Washegari ramukan suka ninka, kuma daidai gindin kwalin aka fi zurfafawa.

A gida Bakanike ya daina tsokana. Shi ke zuba wa Dogo shayi yanzu, har da "ranka ya daɗe". Dogo ya ga kumburin da ke tafin hannun Bakanike, ya ga jar laka a bakin wandonsa, ya sha shayinsa. Mai kwana a garejin wani ba ya tambayar inda mai gareji ya kwana.

Ranar da hadari ya haɗo da hantsi, sai ga Mai Lema, Mai Gini na biye da ita. Ta tsaya a bakin ramin cikin lemarta, shi kuma ya tsaya a gefe yana jiƙewa yana murmushi. Ruwa ya kwararo daga magudanan gidajen, ja wur, ya rufe duk facin da Dogo ya yi, ya ɗauke kwalin. Dogo ya waiga ya dubi ɗakin bakin get, ya yi wa tagogin nan biyu sallama a zuciyarsa.

Sai ruwan ya fara kumfa. Nan ƙulu-ƙulu, can ƙulu-ƙulu, kamar ƙasar ta shekara da ƙishi. Kafin la'asar babu saura sai laka, in ban da wani lungu ta gabas da ruwa ya ƙi tafiya. A cikin lakar ga karyayyar ƙotar fartanya, ga rariyar tankaɗe, ga silifa ƙafa ɗaya da Dogo ya sani sarai.

Mai Lema ta ɗago rariyar da tsinin lema, ta tambayi wa ya farfasa ƙasar.

"Ƙwararru na kawo," in ji Mai Gini.

Ta dubi rariyar, ta dube shi, ta sa hannu. Amma ta ce lungun gabas bai yi ba tukuna, kuma duk shekara kafin damina sai an sake sassauta ƙasar, za ta zo da lemarta ta gani. Mai Gini ya miƙa wa Dogo makulli, ya raɗa masa cewa ko su waye, kada ya kore su.

Ranar tarewa Bakanike ne ya ɗauko katifar a ka, sanye da takalmin sallah a ranar aiki. Ya ajiye, ya leƙa waje, ya matso.

"Mijin Yaya, tsakaninka da Allah. Ta wane gefe ne?"

Matar Dogo na kan kujera tana rataya labule. Hannunta ya tsaya a sama.

"Ni dai na faɗa maka babu komai," in ji Dogo.

Ya je bakin taga ya jingina, ya zuba wa lungun gabas ido, ya daɗe bai ɗauke ba.